Minti 20 kowace safiya: yadda babban edita ya koyi Ballade ta farko ta Chopin

A tsakiyar shekarar 2010, Alan Rusbridger, wanda a lokacin shi ne babban editan jaridar Guardian ta Birtaniya, ya sha wani alwashi da duk wanda ya san piyano zai ce masa ya sake shawara. Ya ce cikin shekara ɗaya zai koyi kaɗa Ballade ta farko ta Frédéric Chopin daga farko har ƙarshe, kiɗan da hatta waɗanda piyano ne abincinsu suke shakkar ƙarshensa. Shekarunsa 56 a lokacin. Abin da ya ga zai iya warewa bai wuce minti 20 ba a rana, da sassafe kafin ya fita ofis.

Dalilin alwashin, ya saba zuwa wani zaman mako guda da masu sha'awar piyano ke yi duk shekara a kwarin kogin Lot, a ƙasar Faransa, inda manya masu sana'o'i dabam-dabam ke taruwa su ɗauki darasi su kuma kaɗa wa juna. A zaman 2010 sai wani daga cikinsu, mutumin da ya taɓa sana'ar tuƙin tasi, ya zauna ya kaɗa wannan Ballade. Rusbridger ya ji kiɗan a hannun ƙwararru ba adadi, amma ganin ɗan sha'awa irinsa ya kai shi gaci shi ne ya hana shi sakat.

Shekara ɗayan ba ta isa ba. Sai a watan Disamba na 2011, bayan kimanin wata 16, ya kaɗa shi a gaban jama'a. A 2013 ya wallafa littafi a kan yadda abin ya kasance, kuma tun daga nan ake yawan kawo labarinsa a matsayin hujjar cewa minti 20 a rana sun isa a koyi komai. A ganina wannan fassarar ta yi gaggawa. Mintunan sun yi aiki, amma sai an duba me aka zuba a cikinsu, da kuma abin da mutumin ya zo da shi tun kafin ya fara ƙirga su.

Kiɗan da ake magana a kai

An haifi Chopin a 1810 a wani ƙauye kusa da birnin Warsaw na ƙasar Poland. Ya bar gida a watan Nuwamba na 1830, 'yan makonni kafin mutanen ƙasarsa su yi wa mulkin Rasha bore, kuma bai sake taka ƙasar ba. Ya isa Paris a 1831, a can ya zauna yana rubuta kiɗa yana koyar da 'ya'yan masu hali har ya rasu a 1849 yana ɗan shekara 39. Ya kammala Ballade ta farko, wadda ke ɗauke da lamba 23 a jerin ayyukansa, a 1835, aka buga ta a 1836 da sadaukarwa ga Baron von Stockhausen, jakadan Hanover a Faransa. Guda huɗu ya rubuta masu wannan suna. Robert Schumann, marubucin kiɗa ɗan Jamus, ya rubuta a wata wasiƙa a 1836 cewa ya gaya wa Chopin wannan ce ya fi so a duk ayyukansa, Chopin ya ɗan yi shiru sannan ya ce shi ma ita ce ta fi kwanta masa a rai.

Tsawon kiɗan minti tara zuwa goma ne. A takarda an yanka shi gaɓa-gaɓa da layukan tsaye, gaɓa 264 ke nan. Gaɓoɓi bakwai na farko shimfiɗa ce mai nauyi, hannu biyu suna hawa tare daga ƙasan piyano, a hankali, kamar mai gyaran murya kafin ya fara ba da labari. Daga nan kari na farko ya shigo, mai sanyi da ɗan baƙin ciki. A gaɓa ta 68 kari na biyu ya zo, cikin murya ƙasa-ƙasa, wanda mafi yawan masu sauraro shi suke tafiya da shi gida. Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana koyon piyano zai iya lallaɓa waɗannan wuraren, kuma nan tarkon yake: shafukan farko suna sa mutum ya ɗauka abin mai yiwuwa ne.

Wahalar tana zuwa ne kashi-kashi. Tun kafin kari na biyu akwai gudu na hannun dama da ke sauka yana hawa a faɗin madannai. A gaɓa ta 106 wancan kari mai taushi ya dawo da ƙarfi iya ƙarfi, hannun dama yana danna sauti uku ko huɗu a lokaci guda, sannan ya shiga gudu da babban yatsa da ƙaramin yatsa a buɗe, tazarar fararen madannai takwas a tsakaninsu, gaba ɗayan hannun yana tsalle daga madanni zuwa madanni. A gaɓa ta 138 akwai wani wuri mai kama da rawa, mai sauri da wasa, wanda yake son yatsu marasa nauyi daidai lokacin da hannu ya gaji. Sai kuma zangon ƙarshe, daga gaɓa ta 208 zuwa ta 264, inda Chopin ya rubuta da Italiyanci cewa a kaɗa da matuƙar sauri, da wuta. Gaɓa 57 ne, ba su cika minti biyu ba a hannun ƙwararre, amma su ne suka ba kiɗan sunan da yake da shi.

Abin da ke faruwa a wannan zangon ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya tsara duk aikin Rusbridger. Hannun hagu yana danna sauti ɗaya can ƙasa, ya yi tsalle zuwa tsakiya ya danna dunƙulen sauti, ya koma ƙasa, ya sake dawowa, ba hutu. Hannun dama kuma yana nasa tsallen a wani ɓangare dabam na piyano, babban yatsa yana karɓa-karɓa da sauran yatsu. Piyano na da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma faɗin fari guda bai kai inci ɗaya ba. Kuskuren rabin inci a sauka, sautin da ba shi ba ne zai fito, kuma da ƙarfi zai fito. Bayan tsalle-tsallen sai gudun hannu biyu daga ƙasan piyano zuwa sama, sau biyu, na biyun hannayen ba a kan sauti iri ɗaya suke tafiya ba, sannan hannu biyu su taho daga gefe da gefe su haɗu su gangara tare zuwa rufewa.

Abin da mai koyon ya zo da shi

An haifi Rusbridger a Lusaka a 1953, lokacin ƙasar Zambiya tana ƙarƙashin Turawan Ingila, ya girma a Ingila. Yana yaro ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan babban cocin Guildford, ya koyi busa kilarinet, ya koyi piyano har zuwa wajen shekara 16 sannan ya ajiye. Bayan ya haura 40 ya koma ɗaukar darasi. Wato a 2010 ba sabon shiga ba ne ko kaɗan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma nasa an tanƙwara: kunnensa ya saba, yatsunsa sun san hanya, uwa uba yana karanta rubutun kiɗa da sauri, a ajiye masa takardar da bai taɓa gani ba ya bi ta.

Wannan ƙwarewar ta karatu ita ce kuma ta zame masa cikas. Makaɗin goge a wajenmu a kunne yake ɗaukar kiɗa daga maigidansa, ba takarda, don haka duk abin da ya iya yana kansa. Mai piyano na gargajiyar Turai daga takarda yake farawa, kuma wanda ya iya karatu sosai yana iya shafe shekaru bai taɓa haddace shafi ɗaya ba, tunda ba abin da ya tilasta masa. Rusbridger yana cikin irin waɗannan, shi da kansa ya sha faɗar cewa hadda ba ta zama masa. To ga zangon ƙarshe na Ballade, ido ba zai iya zama a takarda ba alhali hannu biyu suna tsalle zuwa wurare biyu dabam. Dole a kalli hannu, wanda kuwa zai kalli hannu dole abin da zai kaɗa ya riga ya zauna a kansa. Da ya ɗaga kai ya nemi inda yake a takarda, hannun hagu ya sauka a wani wuri.

Saboda haka matsalar da ya tunkara kashi biyu ce. Akwai ta jiki, wato koya wa yatsu da wuyan hannu motsin da ba su taɓa yi ba, da saurin da ba su taɓa kaiwa ba. Akwai ta ƙwaƙwalwa, wato mutumin da ya doshi 60 ya koyi hadda a karon farko. Ta biyun ce ta sa ya je ya zauna da masana ƙwaƙwalwa yana tambayarsu ko a shekarunsa abin zai yiwu. Abin da binciken wannan fanni ya nuna shi ne ƙwaƙwalwar babba ba ta daina sauyawa da atisaye, sai dai tana buƙatar maimaici fiye da ta yaro.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba idan ana ba da labarin. Mutum ne mai hali. Yana da piyano mai kyau a gida, yana da malamai da yake biya, a cikin wannan lokacin ma ya gina ɗakin kiɗa a gidansa na ƙauye ya sa piyano ƙirar Steinway a ciki. Matsayinsa ya buɗe masa ƙofofin da ɗan koyo na yau da kullum ba zai ko ƙwanƙwasa ba: ya tattauna da manyan makaɗan piyano irin su Daniel Barenboim, da Murray Perahia, da Alfred Brendel, da Emanuel Ax, da Richard Goode, har da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, wadda ita ma ba ta bar piyano ba duk da nauyin ofis. Ba aibu ba ne, amma duk mai son ya auna kansa da shi ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Abin da ake yi a cikin minti 20

Kiɗan minti goma, idan mutum ya ce zai riƙa kaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe kowace safiya, sau biyu kawai zai zagaya lokaci ya ƙare, kuma ba abin da zai gyaru. Wuraren da ya iya za su ƙara santsi, wuraren da bai iya ba zai riƙa tuntuɓe a kansu kullum har tuntuɓen ya zama ɗabi'a. Wannan shi ne kuskuren da kusan duk ɗan sha'awa yake yi, domin kaɗa abin da ka iya yana da daɗi, maimaita gaɓa huɗu da suka gagare ka kuwa ba daɗi. Aikin malaman Rusbridger na farko shi ne su raba shi da wannan. Aka fitar da wuraren da suka fi tsauri aka mai da kowanne aikin kansa, safiya guda tana iya ƙarewa a kan layi ɗaya.

Kafin a fara maimaici sai an yanke shawarar rabon yatsu, wato wane yatsa ne zai danna wane madanni. A rubutun piyano kowane yatsa na da lamba, babban yatsa 1, ƙaramin 5, kuma ana rubuta lambobin da fensir a saman alamomin sauti. Ga wanda bai sani ba abin kamar ƙaramin al'amari ne. Amma hannu motsi yake haddacewa, ba sauti ba. Idan yau ka danna wuri da yatsa na 3 gobe da na 4, abu biyu kake koya wa hannunka, kuma ranar da tsoro ya kama ka zai rasa wanne zai ɗauka. Sauya rabon yatsu bayan wata biyu ana atisaye kusan komawa farko ne a wannan wurin. Rusbridger ya sha fama da wannan, domin malamai da ƙwararru ba bakinsu ɗaya ba, kowa da rabon da ya dace da girman hannunsa. A nan yawan masu ba da shawara yana iya zama nauyi.

Sai atisaye a hankali, hannu ɗaya-ɗaya, sannan a haɗa. Ana amfani da na'urar ƙidayar bugu, wadda ke yin ƙas-ƙas daidai gwargwadon saurin da aka saita ta, a fara da saurin da ba za a yi kuskure ba ko da ya kai rabin na ainihi ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ga tsallen hannun hagu akwai dabarar da malamai suka daɗe suna koyarwa: ka danna sautin ƙasa, ka kai hannu da sauri kan dunƙulen da ke biye, ka taɓa madannan ba tare da ka danna ba, ka duba ko ka sauka daidai, sannan ka danna. Ana raba tafiyar da saukar ke nan, har hannu ya san nisan da kansa. Ga gudun hannun dama kuma ana sauya tsawon sautukan da gangan, dogo-gajere, sannan gajere-dogo, don kowane yatsa ya samu rabonsa na gaggawa.

Wani abin lura, Chopin da kansa bai yarda da doguwar wahala a gaban piyano ba. Ɗalibansa sun ruwaito cewa yana hana su wuce awa uku a rana, yana kuma nanata sakin jiki da laushin wuyan hannu. Ba ya fara koya wa ɗalibi tsanin sauti na fararen madannai zalla, wanda kowa ke ɗauka shi ne mafi sauƙi. Yana farawa da wanda dogayen yatsu uku na tsakiya ke hawa baƙaƙen madannai, domin a ganinsa haka hannu yake zaune a halittarsa. Wannan yana da amfani ga mai koyon Ballade, saboda wuraren da suke kama da ba su kaɗuwa an rubuta su ne daidai da yadda hannu ke juyawa. Wanda ya ƙanƙame hannu yana neman ya ci su da ƙarfi zai gaji kafin ya kai gaɓa ta 208, wataƙila ma ya ji wa jijiyarsa ciwo. Kuma Chopin yana tura ɗalibansa su je su saurari mawaƙan opera na Italiya, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, su ji yadda ake numfashi a tsakiyar kari. Hannun hagu ya riƙe lokaci, na dama ya samu 'yancin jinkirtawa ko gaggautawa kaɗan. Wannan ba ya cikin abin da na'urar ƙidaya ke koyarwa.

Game da gajeren lokaci a kullum, bincike yana bayan Rusbridger fiye da yadda ake zato. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya na Birtaniya da ake koya wa buga keken rubutu. Waɗanda aka ba awa ɗaya a rana sun iya a cikin jimillar awoyi mafi ƙaranci, waɗanda aka ba awa huɗu a rana su suka fi cin awoyi kafin su kai matsayi ɗaya. A 2002 kuma Matthew Walker da abokan aikinsa a jami'ar Harvard sun sa mutane koyon danna jerin madannai da yatsu, suka tarar bayan barcin dare saurinsu ya ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100 ba tare da ƙarin atisaye ba, alhali waɗanda suka yi tsawon wannan lokacin a farke ba su samu irin wannan ƙarin ba. Mai minti 20 kullum yana samun barci tsakanin kowane zama da na gaba. Mai tara awa uku ranar Lahadi kaɗai sau ɗaya yake samu a mako.

Amma lissafin yana da wani gefe. Minti 20 sau kwana 365 wajen awa 120 ne a shekara, idan ba a tsallake ko rana ɗaya ba. A kwatanta da wani nazari da masanin halayyar ɗan Adam Roger Chaffin ya yi tare da ƙwararriyar mai piyano Gabriela Imreh, inda aka naɗi mafi yawan atisayenta lokacin da take koyon kashi na ƙarshe na Italian Concerto na Bach, marubucin kiɗa ɗan Jamus. Kiɗa ne da bai kai rabin tsawon Ballade ba, ita kuma sana'arta ke nan tun ƙuruciya, amma sai da ta zuba masa wajen awa 33 cikin wata goma kafin ta ga ya isa a naɗa. Idan ƙwararriya ta ci haka a kan ɗan gajeren kiɗa, awa 120 ga ɗan sha'awa a kan Ballade ba yawa ba ne. Shi ya sa ban yi mamakin yadda shekara ɗaya ta koma wata 16 ba, har da ƙarin lokacin da yake samu a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Wannan nazarin na Chaffin ya kuma nuna yadda ƙwararru ke hadda, abin da ya shafi matsalar Rusbridger kai tsaye. Haddar hannu kaɗai sarƙa ce, kowane motsi shi ke kiran na gaba, idan ta tsinke a tsakiya sai an koma farko. Imreh kuwa tana kafa wa kanta alamomi a cikin kiɗan, nan sabon sashe ya fara, nan yatsa kaza, nan a sassauta, tana kuma atisayen farawa daga kowace alama. Idan hannu ya ɓace, kai ya san tasha ta gaba.

Shekarar da ya zaɓa

Da ya san abin da ke tafe, da wuya ya zaɓi wannan shekarar. Guardian tana cikin jaridun da suka yi aiki da WikiLeaks, shafin da ke fallasa takardun sirri: bayanan yaƙin Afghanistan sun fito a watan Yuli na 2010, na Iraƙi a Oktoba, sannan a ƙarshen Nuwamba aka fara sakin wasiƙun sirri na jakadun Amurka, wajen 250,000. Ga kuma rigima da Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks, a kan yadda za a fitar da su. A watan Maris na 2011 jami'an gwamnatin Gaddafi suka kama wakilin jaridar, Ghaith Abdul-Ahad, a Libiya, sai da Rusbridger ya tashi ya tafi Tripoli da kansa neman a sake shi, aka kuwa sake shi. A otal ɗin da ya sauka ya tarar da piyano, ya zauna ya yi atisayen Ballade yana jiran amsar hukuma.

Bayan 'yan watanni kuma badaƙalar satar sauraron wayoyin mutane ta fashe. A ranar 4 ga Yuli 2011 Guardian ta buga rahoton Nick Davies cewa jaridar News of the World ta Rupert Murdoch ta yi kutse a saƙonnin wayar wata yarinya da aka kashe. Ranar 10 ga watan News of the World ta fito a karo na ƙarshe bayan shekara 168 tana fitowa, kuma kafin ƙarshen shekara kwamitin bincike na alƙali Leveson ya fara zama. A irin waɗannan makonni editan da ke tsakiyar lamarin ba ya ganin gida sai tsakar dare. Kwanaki sun wuce bai taɓa piyano ba, wuraren da ya sha wuya ya gyara suka sake kwancewa, ya koma ya ɗinke.

Wani zai ce mutumin da ke riƙe da irin wannan aiki me ya kai shi ɓata lokaci a kan kiɗa. Amsar da shi ya bayar ita ce ranar da ya fara da piyano ta fi zuwa masa da sauƙi, kansa ya fi zama daidai. Ina ganin dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa gwada abu mai wuya da hannu biyu: ba a iya tunanin lauyoyin Murdoch alhali ana ƙoƙarin saukar da hannun hagu a kan madanni mai faɗin ƙasa da inci. Minti 20 ne da wayar hannu ba ta da iko da su.

Sakamako

A Disamba 2011 ya kaɗa Ballade daga farko har ƙarshe a gaban masu sauraro. Shi kansa bai yi da'awar cewa ya kaɗa ta kamar Perahia ko Ax ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin haka. Abin da ya samu shi ne ya ratsa gaɓa 264 a gaban mutane, kiɗan ya fito a matsayin kiɗa, zangon ƙarshe bai watse masa a hannu ba. Ga ɗan sha'awa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kaɗawa a ɗaki kai kaɗai dabam, kaɗawa ana kallonka dabam. Tsoro yana ƙara bugun zuciya, yana sa tafin hannu gumi, yana sa mutum ya fara da saurin da ya fi ƙarfinsa, kuma wanda ya shiga gaɓa ta 208 da saurin da ya wuce nasa ba shi da wurin tsayawa ya gyara. Shi ya sa malamai ke sa ɗalibi ya fara kaɗa wa mutum biyu ko uku a gida, sau da yawa, kafin ranar taro.

Idan aka tambaye ni me ya sa wannan yunƙurin ya kai gaci alhali da yawa irinsa suna mutuwa a shafi na huɗu, zan fara da tushen ƙuruciya, domin ba don shi ba da sauran duk ba su taso ba. Bayan shi sai malami, mai ganin abin da ɗalibi ba ya gani: kafaɗar da ta ɗage, babban yatsan da ya ƙage, feda, wato matakin ƙafa mai tsawaita sauti, da aka danne ta daɗe har sautuka suka cakuɗe. Sai kuma wa'adin da ya ɗaura wa kansa a bainar jama'a. Ya gaya wa mutane, yana rubuta abin da yake yi, akwai ranar da za a zo a saurara. Wa'adin farko ya wuce bai shirya ba, amma kasancewar akwai wa'adi shi ya sa yake komawa kan kujera bayan kowane mako da aiki ya cinye.

Akwai malaman piyano da ba sa son irin wannan labarin, kuma ina ganin hujjarsu. Suna cewa wata 16 da aka kashe a kan kiɗa ɗaya da ya fi ƙarfin mutum, da an raba su a kan kiɗa goma da suka yi daidai da shi, da ya fito ya fi iya piyano gaba ɗaya. Gaskiya ne ta fuskar koyarwa. Sai dai babba mai aiki ba yaron makaranta ba ne da za a tsara wa manhaja ya bi. Abin da zai tashe shi da asuba ya zauna a gaban piyano shi ne kiɗan da yake ƙauna, kuma Rusbridger Ballade yake ƙauna.

Ga wanda bai taɓa zama a gaban piyano ba kuwa, lissafin dabam ne. Hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, ABRSM, tana da matakai takwas, yaro mai ƙwazo yakan yi shekaru kafin ya gama su, kuma Ballade ta farko tana sama da mataki na takwas, a sahun masu neman difloma. A cikin ayyukan Chopin kansa akwai tsani: ana iya farawa da Prelude ta huɗu a jerin lamba 28, shafi ɗaya ce, hannun hagu yana sauya dunƙulen sauti a hankali; daga nan a gwada ɗaya daga cikin ƙananan kiɗan rawarsa; sannan Nocturne ta biyu a jerin lamba 9, inda hannun hagu zai fara koyon wancan tsallen daga ƙasa zuwa tsakiya, amma a saurin da ido zai iya raka shi.